Makirufon Araha da Gaisuwar Alhaji Shehu

Ku da kuke shigowa shagona da kwali a hammata kuna cewa, "Baba Garba, duba mana wannan, mai kyau ne?" ku nake yi wa wannan rubutun, domin a baki ba kwa tsayawa in ƙarasa. Da na fara bayani sai idonku ya koma kan waya. A ganinku ɗaukar murya ba wani aiki ba ne: a sayo makirufo a Babbar Kasuwa, a soka a waya, a buɗe baki. To, buɗe baki kam ko akuya tana yi. Shekara talatin da 'yan kai ina wannan sana'a a Unguwar Sarki, kuma har yau akwai muryar da take ba ni wahala.

Da gemuna na fara koyo, bayan an sallame mu daga masaƙa. Wanda ya koya mini Malam Ɗanladi ne, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin gidan rediyo da ya buɗe ɗakin ɗaukar murya bayan ya yi ritaya. Wata biyu cur bai bar ni na taɓa makirufo ba. Sai ya zaunar da ni a ɗakin ni kaɗai, ya sa mini abin saurare a kunne, ya ja ƙofa. Bayan minti goma ya leƙo ya ce, "Me ka ji?" In ce ban ji komai ba. Ya ce, "To kurma ne kai, koma." Haka muka yi ta yi, ina jin haushinsa kamar in tattara in tafi, har ranar da na ji firijin maƙwabta ta cikin bango, na ji zizar ƙwan lantarki, na ji tsaka a bayan kwalin ƙwan da aka lilliƙa a jikin bango, na ji kukan cikina. Da na lissafa masa sai ya ce gobe in zo da wuri, za a fara aiki. Abin da yake so in gane shi ne ɗaki ake fara saurare kafin mutum.

Da zai bar aiki ya bar mini babban makirufonsa, wanda nake kira Dattijo. Akwatin katako gare shi, ina naɗe shi da farin ƙyalle, da damina kuwa ba na bari ya kwana a waje saboda laima. A gabansa mawaƙa suka tsaya, da malamai, da 'yan siyasa in zaɓe ya ƙarato, da masu tallan magani. Akwai wani mai maganin basir da ba ya iya magana sai da ihu, don ya saba da tasha. Na ja shi baya taku uku, na ɗaura masa igiya a ƙugu na riƙe ɗaya bakin, in ya matso in finciko shi. Tallan nan ya yi shekaru ana jin sa a motocin haya, ba wanda ya san a ɗaure aka yi shi.

Sai shekarar da makirufon araha ya cika kasuwa. Mawaƙa ne suka fara ɗauke ƙafa, sai masu talla, daga ƙarshe har malaman da nake wa aiki da azumi suka koma ɗauka a falonsu. Ba wanda ya yi faɗa da ni, ba wanda ya ce aikina ya lalace. Daina zuwa kawai aka yi. A shekarar ne kuma iyalina Hauwa ta rasu, yara suna can garuruwan da suke aiki, gida shiru, shago shiru. In buɗe da safe, in share, in goge Dattijo, in mayar da shi akwati, in zauna. Wata rana har azahar ban yi magana da kowa ba, sai in yi gyaran murya don in tabbata tana nan. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da abin ya ishe ni na hau keke-napep na tafi kasuwa, in ga abin da ya kore ni da idona. Na sayo guda biyu. Ɗaya ƙato mai ruwan gwal, irin wanda kuke so ku ɗauki hoto da shi, ɗaya kuma ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga a soka igiyarsa a waya. Na kwance ƙaton da sukundireba. Me zan gani? Guntun ƙarfe aka manna a ciki don ya yi nauyi a hannu, shi kuwa ainihin abin da ke jin sautin bai wuce ƙwayar wake ba. Na yi dariya ni kaɗai har da hawaye. Ƙaramin ban kwance shi ba, gwada shi na yi. Yana da huci a ƙasan murya, kuma ba ya zaɓe, duk abin da ya motsa a kusa sai ya kwasa. Na ce wannan ai magulmaci ne, na jefa shi a durowa.

Tun da kuna tambaya, ga abin da zan ce a kan irin waɗannan. Kada nauyi ko ƙyalli ya ruɗe ku. In za ku gwada a kasuwa ku daina "halo, halo" ɗin nan, ku yi shiru ku ɗauki shirun, ku saurara. Wanda hucinsa ya fi ƙasa shi za ku ɗauka. Ku duba wuyan igiyar, a nan suke mutuwa. In kun kai gida kada ku ɗauka a falo mai tayil, muryarku za ta fito kamar daga cikin randa. Ku shiga ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, ku kashe fanka ko da za ku jiƙe da gumi, ku bar tazarar tafin hannu tsakanin bakinku da shi. Wanda ya yi haka da na araha ya fi wanda ya sayi mai tsada ya ajiye a gefen firiji. Wannan kam na san shi tun a lokacin, sai dai girman kai bai bar ni na faɗa ba.

Ana nan wata Litinin da hantsi wani dattijo ya yi sallama a ƙofar shago. Dogo ne, cikin shadda fara mai sitaci, da fayil a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Shehu, a Doka yake, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Muryarsa a dishe take, yana magana yana dafa maƙogwaro. Na ba shi kujera, ya zauna ya faɗi abin da ke tafe da shi ba kwana-kwana. Ciwon daji ne a maƙogwaronsa. Likitoci za su yi masa aiki nan da kwana tara, za su cire wurin da murya ke fitowa, kuma sun gaya masa ba za ta dawo ba.

Na zaci wasiyya yake so ya ɗauka, ko tarihin aikinsa. Ya ce a'a.

"Malam Garba, wasiyya ai na rubuta. Gaisuwa nake so. Mutum ya yi mini sallama in tsaya ina kallonsa kamar gunki? In wuce maƙwabcina ya yi rashi in ɗaga masa hannu kawai? Ka ɗaukar mini gaisuwa da muryata, ka zuba a wayata, in na danna a ji ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ƙaramin aiki ne, yini ɗaya mun gama." Kun ji bakin mai shekara talatin a sana'a.

Washegari ya zo da takarda an buga ta da na'ura, kowace gaisuwa da lambarta, kamar zai gabatar a taron ofis. Sallama, amsa sallama, ina kwana, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, barka da arziki, sannu da jiki, ta'aziyya. Na fito da Dattijo, na tsayar da Alhaji a gabansa, na rufe ƙofa. Ya gyara hula, ya miƙe ƙirji, ya fara karantawa. Muka yi safiya guda muna yi, ga sauti garau, ko numfashin sauro babu. Na yi murna da aikina. Rana ta biyu muka ƙarasa, na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wannan ai sanarwa ce," in ji shi. "In na danna wa maƙwabcina wannan zai zaci haraji na zo karɓa."

Gaskiya ya faɗa, kuma kunya ta kama ni. Muka sake, na ce ya saki jiki, ya yi murmushi, ya ajiye takardar. Duk a banza. Da ya ga Dattijo a gabansa sai ma'aikacin gwamnatin da ke cikinsa ya miƙe tsaye. Ga shi mun cinye kwana biyu daga cikin ragowar muryarsa, kafin azahar ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Ya miƙe zai tafi jiki a sanyaye, na raka shi ƙofa. A nan ya hangi Malam Idi tela, maƙwabcin shagona, wanda ya taɓa yi masa ɗinki shekarun baya.

"A'a! Malam Idi, ashe kana nan? Ya aiki, ya yaran?"

Na tsaya cak. Ga muryar da muke nema tun jiya, a bakin titi, mota na wucewa. Ashe duk wahalar da muka sha bango nake sa mutum ya gaisar. Ba a gaida kwalin ƙwai, sai da wanda zai amsa. Dattijo kuwa ba ya fita waje, yana son wutar lantarki da sandar da ake kafa shi a kai da ɗaki rufe, iska kaɗan ta ishe shi. Na koma ciki na buɗe durowar nan na ɗauko magulmacin.

Da sassafe na isa gidansa a Doka, bayan ya sha shayi mai ɗumi, don lokacin muryar ta fi sakewa. Muka zauna a dakalin ƙofar gida. Na maƙala masa makirufon yatsa huɗu ƙasa da haɓa, na yanko guntun soso na rufa masa saboda iska, na sa wayar a aljihun ƙirjinsa. Gwajin farko ban ji komai ba sai ƙarar shadda, ko hannu ya ɗaga sai ta yi ƙara kamar ana murza leda.

Na ce, "Alhaji, a taimaka a sauya rigar nan. A samo tsohuwa mai laushi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam Garba, tun da na fara aiki ban taɓa zama a ƙofar gidana da tsohuwar riga ba."

"Ai kuwa yau za a fara, ranka ya daɗe. Ko shadda ko murya."

Ya shiga, na jiyo dariyar mace daga ciki. Matarsa ce, Hajiya Rabi. Ya fito da wata tsohuwar taguwa ta auduga da wuyanta ya fara cinyewa, yana hararata. Muka zauna, mutane suka fara wucewa. Mai ruwa, liman, ma'aikata masu sauri zuwa ofis, tsofaffin abokansa. Duk wanda ya tsaya sai in gaya masa abin da ake yi, in ce muryar Alhaji kaɗai za a bari. Kafin rabin awa ya manta da abin da ke wuyansa. Ya ja "sannu da zuwa" yadda ya saba ja, ya yi wa wani tsiya, ya yi dariya. Safiya huɗu muka yi haka. Da yamma in koma shago in yanka, in ware kowace gaisuwa. Hucin yana nan, wani wuri har da carar zakara, amma mutumin ne da kansa.

Ta'aziyya ce ta gagara, don ba a yi rashi a layin ba, kuma ba zan sa shi ya yi ta ƙarya ba. A safiya ta uku, ba kowa a hanya, ya juyo ya ce, "Kai kuwa ban tambaye ka ba, ya iyali?" Na ce ai ta rasu, wata bakwai ke nan. Ya kama hannuna, ya ce, "Ayya. Ashe haka. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ka haƙurin rashi." Na daɗe ban ji an faɗa mini haka ba, don masu zuwa gaisuwa sun watse tun tuni. Da yamma na gyara ta yadda za ta dace da kowane mamaci, na cire "jiƙanta" da "ta huta", na bar "ayya" da "Allah ya ba ka haƙurin rashi", na sa a lamba ta tara. Ban gaya masa daga ina ta fito ba, amma da ya ji ya gane.

Na jera masa su a waya da manyan haruffa, na koya masa dannawa. Aka yi aiki, Allah ya sa aka dace, ya dawo gida da ƙyalle a wuya, babu murya. Ranar da na je dubiya falon cike yake. Liman ya yi sallama, Alhaji ya laluba waya ya danna, muryarsa ta amsa, "Wa alaikumus salam, a'a, sannu da zuwa, bismillah." Falon ya ɗauki salati, wani tsoho ya fita waje yana share ido. Na koma shago ina jin na yi aikin da Malam Ɗanladi ba zai ce in koma ba.

Bayan mako biyu Hajiya Rabi ta zo shagon ita kaɗai. Muka gaisa, ta yi godiya, ta ƙi zama. Ta dubi kwalin ƙwan bango, sannan ta yi magana.

"Malam, kowa ya samu nasa. Liman ya samu, mai ruwa ya samu. In ya shigo cikin gida fa? Rannan ya rasa abin da zai danna mini, sai ya danna 'ina gajiya'. Ni baƙuwa ce?"

Takardar Alhaji ta ƙofar gida ce daga farko har ƙarshe, ni kuma takardar na bi. Shi bai rubuta ba, don irin su ba sa sa maganar cikin gida a takarda, ni kuwa da ya kamata in tuna, gidana ba kowa, ban tuna ba. Maza biyu da furfura mun zauna safiya huɗu, ba wanda ya yi tunanin matar da ke kawo mana shayi. Yanzu kuma babu inda za a samo. Na ce ta ba ni kwana biyu, ba don ina da wata dabara ba, sai don na kasa ce mata babu.

Ɗanyen abin da muka ɗauka yana nan a kwamfuta, sa'o'i da yawa, niyyata in goge. Na zauna na bi shi daga farko. A safiya ta biyu akwai wurin da ya ce zai shiga ya sha magani, na ce ya danna ya kashe kafin ya shiga. Lokacin da nake yanka na tsallake wurin, don na ga ba gaisuwa. Ashe bai kashe ba. Na ji ƙarar ƙofa, na ji takunsa a tsakar gida, na ji cokali a kofi. Sai muryarsa, ƙasa-ƙasa, ba irin ta dakali ba.

"Rabi. Ke kin karya kuwa, ko ni kaɗai kike ta wa hidima? Zo ki zauna nan."

Na danna na tsayar. Abin da ya biyo baya ban saurara ba, har yau ban san mene ne ba. Ku riƙe wannan, ku masu yawo da makirufo a aljihu: abin da ya ji ba tare da an nufe shi ba amana ce a wuyanku. Na kwashe wurin gaba ɗaya, minti shida, na kai wa Alhaji, na rubuta masa abin da ya faru a takarda don kada Hajiya ta ji, na ce shi ke da iko, in ya ce a goge a goge. Ya sa a kunne ya saurara. Ya karɓi biro ya rubuta a bayan takardar, "Ka ba ta duka. Maganar farkon nan ka sa mini a lamba ta ɗaya." Na yi yadda ya ce, na goge nawa a gabansa. Dattijo da duk tsadarsa ba zai taɓa jin wannan ba, yana kwance a akwati a Unguwar Sarki. Ɗan abin da na kira magulmaci ne ya bi shi har tsakar gida.

Kasuwata ba ta dawo ba, kada ku zaci labarin can ya nufa. Yanzu gyaran igiya nake yi, da duba muku kayan da kuka sayo, da sauraron waƙoƙin da kuka ɗauka fanka na juyawa. Amma Alhaji Shehu ya riƙa zuwa duk Alhamis da hantsi, cikin shaddarsa. Ya tsaya a ƙofa ya danna sallama, ba ya shiga sai na amsa. In ya zauna sai ya danna wata da ya yi mini a dakali ranar farko, wadda ba ta cikin takarda: "Malam Garba, ya kasuwa? Ka karya kuwa?" In ba shi amsa, mu zauna shiru mu sha shayi har azahar.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Wannan guda ɗayar na roƙe shi ya bar mini, ya bari. Tana da huci, kuma daidai tsakiyarta wani mai babur ya wuce, da ɗayanku ne ya kawo mini ita da na ce ya je ya sake. Kullum in na buɗe shago na gama shara sai in kunna ta. Ya tambaye ni kasuwa, ya tambaya ko na karya, ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, na karya," ko da ban karya ba.